Tsugune ba ta ƙare ba: na sayi masan zama, banɗakin Inna ya ƙi ɗauka

Baban Walida: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar masu sani, musamman fulambobi da magina. Mahaifiyarmu ta haura shekara saba'in, ciwon gwiwa ya matsa mata tun sanyin bara, yanzu ko sallah a kujera take yi. Banɗakin ɗakinta a gidanmu na Tudun Wada a Gombe na tsuguno ne, kuma a kan ɗan dakali yake mai tsayin inci 6. Makon jiya ƙanwata ta same ta a ciki ta kasa tashi, ta riƙe kan famfo tana jira a zo, ba ta kira kowa ba saboda kunya. Abin ya tsaya mini a rai. Washegari na shiga kasuwa na sayo masan zama na tangaran da tankinsa, ban shawarci kowa ba. Fulamban da na kira ya ɗora shi a kan ramin don gwaji, sai ƙofa ta ƙi rufuwa, tana dukan bakin masan. Ya ce ba irinsa ya kamata in saya ba. Na mayar shago, mai shagon ya ce an yage kwali, ba ya karɓa. Yanzu ga shi nan a zaure an rufe da buhu, yara na hawa suna tuƙin mota. Banɗakin faɗinsa ƙafa 4, tsawonsa ƙafa 5. Mene ne mafita?

Ɗan Bauchi: Wa alaikumus salam. Wannan shi ne tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Allah ya ba Inna lafiya.

Maman Hanif: Amin. Kai dai ba ka rabo da wasa.

Fulamban Bolari: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin kowa ya ce komai, ɗauki tef ka turo mana awo huɗu. Daga bangon baya zuwa tsakiyar ramin, tsakiya fa, ba baki ba. Daga bangon gefe mafi kusa zuwa tsakiyar ramin. Faɗin ƙofa da inda take buɗewa. Sai tsawon masan da ka saya, daga bayan tanki zuwa ƙarshen bakinsa. Sannan ka kifa shi ka duba, mafitarsa ƙasa ta kalla ko baya?

Baban Walida: Na auna. Daga bangon baya inci 16. Daga bangon yamma inci 12. Ƙofa inci 30 ce, ta ƙarfe, ciki take buɗewa. Masan inci 27. Mafitarsa baya ta kalla, kamar inci 7 daga ƙasa.

Fulamban Bolari: To ka sayi mai P, ga shi raminka na ƙasa ne. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai S, wanda bututunsa ke sauka cikin daɓe kai tsaye. Akwai mai P, wanda ke fita ta baya ya huda bango. Yawancin masu shago ba sa tambayarka, kai ma ba ka san za ka tambaya ba, sai ka zaɓi wanda ya fi ƙyalli. Ko mai S ɗin ma ba awo ɗaya ba ne. Akwai mai inci 10, mai 12, akwai mai 16, daga bango zuwa tsakiyar mafita. A jikin kwali za ka ga an rubuta 250 ko 300 ko 400, milimita ke nan. Wannan lambar ta fi sunan kamfani muhimmanci, ko Twyford ne ko na Caina.

Injiniya Tumfure: Bari in yi lissafin don kowa ya ga dalilin da ƙofar ta ƙi. In aka sa wa mai P gwiwa, wato lanƙwasasshen bututu, ta juya shi ƙasa, bututun yakan faɗo wajen inci 8 zuwa 9 daga bango. Naka ramin yana 16. Kenan sai an jawo masan gaba da kusan inci 8 kafin su haɗu. Ƙara 8 a kan 27, ka samu 35. Ɗakin inci 60 ne, saura 25, ƙofa kuma tana neman 30. Ko da ƙofar ta wuce, tanki zai tsaya a sarari ba abin da ya tokare shi ta baya, ranar da Inna ta jingina da ƙarfi zai tsage a wajen notinsa.

Tambayata, me ke bayan bangon baya? Kuma ta ina tsohon bututun ya bi ya fita?

Baban Walida: Bangon baya shi ne na arewa, katangar maƙwabcinmu ce, ɗakin matarsa ne ma a wurin. Ba zancen hudawa. Bututun ya bi ta gabas ya fita tsakar gida, akwai camba, ɗan ramin duba bututu mai murfi, a gindin bangon, daga nan ya tafi sokawe.

Injiniya Tumfure: Ai shi ke nan, an gama. Juya masan ya jingina da bangon gabas. A huda bangon a inci 7, bututu ya fita tsakar gida ya sauka camba. Ba gwiwa a cikin ɗaki, ba neman wani abu a kasuwa, kuma duk ranar da ya toshe daga waje za a buɗe a gyara. Faɗin ɗakin 48, cire 27, saura inci 21 a gaban mai zama. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da dokar gini ta Amurka ta yarda da shi, kuma ya ishi mutum.

Mai Tayil: Wannan dabara ta yi. Injiniya ka ci kuɗinka.

Maman Hanif: Ya ishi mutum mai lafiya dai, Injiniya. Ni na yi jinyar surukata shekara uku a Federal Low Cost kafin Allah ya karɓi abarsa, na san yadda tsohuwa mai ciwon gwiwa ke tashi. Ba miƙewa take yi tsaye ba. Sai ta ja ƙafafu baya, ta sunkuyo da kai gaba sosai kamar mai ruku'u, ta yi lilo sau biyu, sannan ta taso. In bango na gabanta da inci 21, goshinta zai riga ta isa. Sannan watarana dole sai wani ya tsaya a gabanta ya kama hannuwanta biyu. Ina zai tsaya?

Injiniya Tumfure: Hajiya, za a sa mata ƙarfen dafawa a bangon da ke gabanta. Kusancin ma amfani ne, tana miƙa hannu ta kama.

Maman Hanif: Ƙarfen gaba jawo mutum yake yi, in hannu ya zame da sabulu baya za ta faɗa. Na gefe ya fi, wanda za ta danna ta tashi kamar hannun kujera. Na gwada duka biyun, ba a takarda ba.

Malam na Jekadafari: Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun ɗazu ban so sa baki ba, don ba fannina ba ne. Amma akwai abin da ba wanda ya taɓo. In aka jingina masan da bangon gabas, mai zama zai fuskanci yamma, ya ba alƙibla baya. Mu nan Gombe alƙiblarmu gabas ce ta ɗan karkata arewa. Magabatan da suka gina banɗakin ba banza suka sa shi ya kalli kudu ba.

Ɗan Bauchi: Allah gafarta Malam, to haramun ne kenan? Don gidajen haya da yawa da na zauna ba wanda ya duba wannan.

Malam na Jekadafari: Ban ce haramun ba, kar a ɗora mini. Hadisin Abu Ayyub al-Ansari da ke cikin Buhari da Muslim ya hana fuskantar alƙibla ko ba ta baya lokacin biyan buƙata. Akwai kuma hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda ya hau saman ɗakin 'yar'uwarsa Hafsa ya hangi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana fuskantar Sham, Ka'aba na bayansa. Malamanmu na Malikiyya da Shafi'iyya sun haɗa biyun suka ce hanin na fili ne, a cikin gini babu laifi. Hanafiyya kuma suna ƙin abin ko a cikin gini. Saboda haka wanda ya tarar da gida a haka, kar ya takura kansa. Amma wanda yanzu zai fasa ya gina da hannunsa, kuma yana da wata hanya, ni dai zan ce ya bi wadda ba saɓani a cikinta.

Baban Walida: Malam, ko da duk malaman duniya sun halatta, Inna ba za ta shiga ba. Na san ta. Matar da ko barci ba ta yarda ƙafarta ta miƙe gabas. Injiniya ka yi haƙuri, wannan hanyar ta rufe.

Injiniya Tumfure: Ba komai. Amma sai ka shirya asara, ka nemi mai S mai lamba 400 ka ɗora a kan ramin da ke nan. Wancan ka sayar.

Fulamban Bolari: A nan ne zan saɓa da kai, yallaɓai, da girmamawa. Kowa yana lissafi kamar ramin nan aya ce da ba ta gusawa. Masan tsuguno na irin ginin da, yawanci ba shi da ruwan tare wari a jikinsa. A ƙarƙashinsa ake binne wata lanƙwasasshiyar gwiwa mai riƙe ruwa. Shi kuwa na zama da tasa lanƙwasar yake zuwa a cikin tangaran. In ka ɗora sabo a kan tsohuwar ba ka cire ta ba, ka yi biyu a jere, iska ta maƙale a tsakaninsu. Za ka ja ruwa ya taso har baki yana juyi, sannan ya sauka a hankali yana gurnani, kaya kuma na nan. Na je gyaran irin wannan a Herwagana, mai gidan ya canza tanki sau biyu yana zaton ruwa ne bai isa ba.

To tunda dole a fasa dakalin, dole a tono tsohuwar gwiwa, daɓen ya riga ya buɗe. Mene ne wahalar a matsar da bututun inci 7 baya? Fayif mai inci 4 ne guntu, da gwiwa ɗaya, da gam. A kawo shi inci 9 daga bangon arewa, a sa wa masan da Alhaji ya saya gwiwar roba mai juya shi ƙasa, ya koma ya jingina da bango daram. Bakinsa zai tsaya a inci 27 ko 28, saura 32 a gaba. Ba asarar ko sisi a kan tangaran.

Injiniya Tumfure: Gwiwar robar nan ita nake gudu. Ita ce ke fara yoyo, kuma a lungu take inda hannu ba ya kaiwa. Sannan ka ƙara wa bututu tsawo da kwana, gangara fa?

Fulamban Bolari: Gangara tana nan, tsohuwar gwiwar da za a cire ta ci zurfi fiye da abin da muke nema. Inci ɗaya a duk ƙafa uku zuwa huɗu ya isa.

Injiniya Tumfure: Ɗaya cikin arba'in muke cewa. Kusan abu ɗaya ne.

Fulamban Bolari: To ka gani, makarantarmu ɗaya, allo ne ya bambanta. Zancen yoyo kuma, ba robar ce ke da laifi ba. Yara ne ke tura ta a karkace, ko su ga ba ta kai ba su cusa leda su shafe da siminti. In bututun ƙasa ya tsaya daidai ƙarƙashin mafita, aka shafa ɗan sabulu aka tura ta zauna, sai ta shekara goma ba ka ji ɗuriyarta ba. Sirrin shi ne a kawo masan cikin ɗakin a ajiye shi inda zai zauna, a sa masa gwiwar, a yi alama da alli, sannan a kafa bututu. Ba a kafa bututu a je neman masan da zai dace da shi.

Injiniya Tumfure: Na yarda zai yi. Ban yarda ya fi ba. In gidana ne mai S zan sa.

Mai Tayil: Tunda za a matsar da shi baya, a matsar da shi gefe ma. Inci 12 daga bangon yamma ya yi kaɗan, kafaɗa za ta riƙa gogar bango. A ba shi 16. Kuma don Allah kar a siminte gindin masai. Noti biyu gare shi, a huda tayil a ɗaure, a zagaye da farin siminti kaɗan ko silikon. Wanda aka dasa a cikin kwaɓin siminti, ranar da ya toshe sai guduma, kuma ni ake kira in zo in gyara tayil ɗin da aka farfasa.

Wani abu kuma, tayil ɗin da za a mayar a ƙasa kar a sa mai santsi irin na falo. A nemi mai kaushi. In ba a samu kalar tsohon ba, a haƙura da kala, Inna ba baƙi take saukewa a can ba.

Abban Tangale: Ni fa ina ganin duk kun ɗauko hanya mai tsawo. Akwai kujerar ƙarfe mai rami a tsakiya, ana sayarwa a shagunan kayan asibiti, mai walda ma zai haɗa maka. A ɗora ta a kan na tsugunon, magana ta ƙare. Ba fasa daɓe, ba fulamba. Kuma tsuguno ya fi lafiya, kakanninmu da shi suka rayu. Sannan wa ya yi lissafin ruwa? Masan zama kura ne wajen shan ruwa. Tsofaffin tankuna lita 9 suke zubarwa ko fiye, na yanzu mai maɓalli biyu lita 6 da 3. Jarka mai lita 25 ja huɗu ce. Ruwan famfonmu na dam ɗin Dadin Kowa in ya zo yau, ba ka san ranar dawowarsa ba. A watan Maris da Afrilu lokacin da 'yan ga-ruwa ke yanga, za ka gane kurenka.

Maman Hanif: Kujerar nan mun fara da ita. Tazarar da ke tsakaninta da ramin ta yi yawa, komai sai ya fallatsa a ƙafafun kujerar da daɓe, kullum cikin wanki kake. Ga tsatsa bayan wata biyu. Ranar da ƙafa ɗaya ta zame a kan tangaran jiƙaƙƙe, Allah ne ya kiyaye. Ta wucin gadi ce, kafin a gama aiki. Kuma a nan ma a kan dakali za ta hau, dakalin da shi ne rabin matsalar.

Anti Nas: Abban Tangale, tsuguno yana sauƙaƙa fitar bayan gida, wannan gaskiya ne. Amma ga wadda gwiwarta ta cinye, tsugunon kansa azaba ne, kuma abin da ya fi ba mu tsoro a asibiti shi ne faɗuwa. Tsohuwa in ta karye a ƙugu, da yawa ba sa komawa tafiya kamar da. Akwai kuma abin da 'ya'ya ba sa lura da shi: in shiga banɗaki ya zama wahala, tsofaffi sukan rage shan ruwa da cin abinci a ɓoye don kar su buƙaci shiga. Baban Walida ka tambayi ƙanwarka ko ta ga haka.

Baban Walida: Innalillahi. Anti, wallahi kwanan nan ko kunu aka kai mata da dare sai ta ce ta ƙoshi. Mun zaci bakinta ne ba daɗi.

Anti Nas: To ka gani. A hanzarta.

Fulamban Bolari: Zancen ruwa na Abban Tangale ba a banza yake ba. Amma irin masan da Alhaji ya saya, in ka sheƙa masa rabin bokiti da ƙarfi daga sama yana tafiya, ko tanki ba ruwa. Kuma mutum ɗaya ne zai yi amfani da shi, ba gidan biki ba. Abin da ke cinye ruwa a ɓoye shi ne robar cikin tanki in ta daina rufewa, ruwa na tsiyaya dare da rana ba a ji, tankin sama ya ƙare, sokawe ya cika. A sa masa ɗan makunni a jikin bututun da ke ba shi ruwa, don a iya rufe shi shi kaɗai.

Ɗan Bauchi: Mu a Bauchi ba mu san wannan wahalar ba. Tun da kuka ɓalle a 1996 kuka ce kun girma, ga shi ko masai sai an yi muku taron ƙasa.

Mai Tayil: Ka zo ka ɗauki na zauren ka kai Wunti, a ce tsarabar ƙanne ce.

Shugaban Zaure: Jama'a a dawo kan magana, bawan Allah yana jiran mafita.

Maman Hanif: Saura abu biyu da maza ba za su tuna ba. Na farko tsayi. Masan kasuwa gajeru ne, wajen inci 15 zuwa 16, ga mai ciwon gwiwa kamar rabin tsuguno ne. Je ka duba kujerar da Inna ta fi tashi a kanta ba tare da an kama ta ba, ka auna ta. In ta fi masan da inci biyu ko uku, a yi masa ɗan tudu a ƙarƙashi daidai faɗin gindinsa, kar ya fito gaba ta yi tuntuɓe. Kar kuma a zarce, dole tafin ƙafarta ya taka ƙasa tana zaune.

Na biyu tsarki. Da hagu ake yi, buta a dama. Ta zauna tana kallon kudu, damanta yamma kenan, wajen bangon da ke kusa. In ka cika wurin da ƙarfen dafawa, ina buta za ta zauna? Kuma in a ƙasa take, sunkuyawa ɗaukarta wani aiki ne. Mu ɗan kanta muka sa aka yi a bango daidai gwiwar hannu, buta na kai. Daga baya muka sa ɗan tiyon nan mai maɓalli, amma Hajiya ba ta taɓa yarda da shi ba, ta ce ba ta san adadin ruwan da ta zuba ba.

Malam na Jekadafari: Hajiya ta yi gaskiya. Tsofaffinmu abin da ke sa su ƙyamar na zama shi ne tsoron fallatsi da taɓa wurin da wani ya zauna. A gaya mata nata ne ita kaɗai, jikoki ba sa shiga, hankalinta zai kwanta.

Anti Nas: Ƙofar fa? Na ga an ce yanzu za ta wuce da inci biyu, kowa ya yi shiru. A juya ta ta riƙa buɗewa waje. In mutum ya faɗi a ɗaki mai ƙafa biyar, jikinsa bayan ƙofa yake tarewa, kuna turawa kuna ƙara ji masa ciwo. A cire sakatar ciki ma, a sa wadda ake iya buɗewa ta waje.

Baban Walida: In ta buɗe waje za ta doki kabad ɗin kwanukanta. Wannan kabad tun na aurenta ne, ba a taɓa gusar da shi ba.

Anti Nas: To ka zaɓa, kabad ko ƙugu.

Ɗan Bauchi: Ka tura jikar da ta fi so ta roƙe ta. Kai in ka je kora za ka sha.

Fulamban Bolari: Ƙofar ƙarfe ce, mai walda zai yanke maƙalanta ya mayar ta ɗaya fuskar, aikin awa ɗaya. A yi shi kafin a kafa masan, kuma a fitar da tangaran ɗin daga wurin, tartsatsin walda yana ɓata shi har abada. Alhaji ga jerin yadda za ka tsaya a kansu: ƙofa tukun, sai fasa dakali da ciro tsohuwar gwiwa, sai gwaji da alli, sai bututu. Kafin a rufe da siminti a sheƙa bokiti biyu, wani ya tsaya a camba ya ga ruwan ya iso da gudu. A toshe bakin bututun da tsumma lokacin da ake tayil, don ɓaraguzai in sun faɗa kai za ka sha wahalarsu. A bar daɓen ya kwana biyu kafin a ɗaure masan. In tudu za a yi, a gaya wa fulamba tun farko don ya bar bututun ya fito da tsayin da ya dace.

Baban Walida: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Zan dawo da labari.

Baban Walida: Salam. Yau kwana goma sha ɗaya, ga yadda aka ƙare. Mun bi hanyar Oga na Bolari. Da aka fasa dakalin, tsohuwar gwiwar tana nan kamar yadda ya faɗa, har da cokali da murfin kwalba a cikinta. Bututun yanzu yana inci 9 daga arewa, 16 daga yamma. Kujerar sallarta inci 18 ce, masan da marfinsa 16, aka yi tudu na inci 2. Kabad Walida ce ta shawo kanta, da sharaɗin ba namijin da zai taɓa kwanukan, sai da mata suka kwashe su ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa.

Kuskure ɗaya muka yi. Mai tayil ɗin da na samu bai ba daɓen gangara zuwa magudanar wanka ba a lungun bayan masan, ruwa na kwanciya a wurin. Na farko na zaci gwiwar robar ce ke yoyo, na ce Injiniya ya yi gaskiya. Oga ya ce in goge wurin ya bushe, in shimfiɗa takarda in ja ruwa sau uku. Takarda ba ta jiƙe ba. Ruwan wanka ne.

Inna kuwa kwana biyu ba ta shiga ba, tana lallaɓawa banɗakin tsakar gida, wai ba za ta yi ƙazanta a kan abin da ya fi kwanon cin abincinta fari ba. Ƙanwata ce ta kulle na tsakar gidan ta ɓoye makulli. Jiya da dare ta shanye kununta har ta nemi ƙari.

Anti Nas: Alhamdulillahi. Ƙarfen dafawa fa?

Baban Walida: An sa a bangon yamma, kantar buta na gabansa kaɗan. Sai dai ta mayar da shi wurin rataya ɗankwali.

Maman Hanif: Bar ta, in ta buƙace shi hannunta zai kai. Ka dai ja shi da ƙarfinka ka tabbata bai girgiza ba, bulo mai rami ba ya riƙe noti sai an cika shi.

Injiniya Tumfure: Barka. Amma ka riƙa shimfiɗa takardar nan duk bayan wata uku. Ni har yanzu ban yarda da robar ba.

Fulamban Bolari: Ranar da ta jiƙe ka kira ni yallaɓai, zan zo Tudun Wada in canza ta da kuɗina, kai kuma ka sayi tsire.

Mai Tayil: Lungun da ruwa ke kwanciya tayil nawa ne? In bai wuce huɗu ba a ɗaga su kawai a sake ba su gangara, ba sai an taɓa masan ba. Turo hoto in gani.

Baban Walida: Uku ne da rabi. Bari gari ya waye, yanzu ta kwanta.